Wace bishiya ce ta dace da ɗan koyo a harkar bonsai? Na riga na kashe ta farko

Tsohon Malami, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karanta hirarku ta shuke-shuke, ban taɓa cewa uffan ba sai yau da abin ya ishe ni.

Ni malamin makaranta ne, bara na ajiye alli bayan shekara 35. Tun da na yi ritaya, in na dawo daga masallaci da asuba ba ni da wurin zuwa sai ɗan filin da ke bayan ɗakina, wanda in an shimfiɗa tabarma huɗu ya cika. Akwai zogale uku, da tattasai da attaruhu a buhunan siminti, da alayyafo, da wani lemun tsami da ya shekara huɗu bai ba ni ko ɗa ɗaya ba. Iyakar sanina da shuka ke nan: in tona, in zuba taki, in ba da ruwa.

To, a watan Disamba babban ɗana ya zo daga Abuja da wata tsaraba. 'Yar bishiya ce, tsawonta bai kai kamu biyu ba, a cikin wani faranti shuɗi mai ƙyalli. Gangar jikinta a murɗe kamar ta tsohuwar da ta sha iska, ganyenta ƙanana tsinin-tsinin. Ya ce sunanta bonsai, irin ta mutanen Japan, a jikin takardar kuma an rubuta junifa. Wallahi na so abin nan. Na ɗora ta a teburin tsakiyar falo, Hajiya ta shimfiɗa mata ɗan kyalle mai ado, duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya ko ta roba ce. Kullum in na idar da alwalar asuba, ragowar ruwan buta nata ne.

Wajen ƙarshen Fabrairu na ga koren ya dusashe, na ce ƙurar hunturu ce. Na kawo tsumma zan goge, ina taɓawa ganyen ya zube a hannuna kamar busasshen ganyen shayi. Na kankare ɓawon da farce, ciki ƙamas. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, da kuɗin nan yaron nan shinkafa ya auno mana." Ban tanka ba, don ban da abin cewa.

Farantin yana nan, na wanke na kife. Kuma abin bai fita raina ba. Autata ta buɗe mini bidiyoyi a YouTube, na kalli wajen ashirin, amma duk Turawa ne da mutanen Japan, maganarsu ke nan dusar ƙanƙara da lokacin da ganye ke yin ja. Ina ni ina dusar ƙanƙara a Kaduna?

Ga abin da nake so a taimaka mini da shi. Wace bishiya ce za ta jure hannun ɗan koyo irina a wannan gari namu? Kuka ko tsamiya za su yiwu? Maƙwabcina dai ya ce kada in kuskura in shigo da su gida, wai matattarar mutanen ɓoye ce, na ce masa aljanin da zai zauna a kukar da ba ta kai gwiwa ba ai sai dai jariri. Sannan akwai wani yaro da yake tallan "irin bonsai" a Facebook, da hoton wata bishiya mai shuɗin ganye, in saya? Ku sani kuma duk wata nakan je ƙauyenmu wajen Soba in yi kwana huɗu ko biyar, kuma ba na tsammanin za a riƙa ba ta ruwa yadda nake so in ba na nan. Idona ma ya fara rauni, aikin da yake buƙatar ƙwaƙƙwafi sosai ba nawa ba ne.

Mai Cediya, Malali

Wa alaikumus salam Baba Malam. Allah ya sa an yi ritaya a sa'a. Ka kwantar da hankalinka, ɗaya kawai ka kashe. Ni shekarata tara a wannan harka, kuma na binne goma sha huɗu, har lissafi nake yi a bayan wani littafi.

Bari in fara da gawar. Junifa bishiyar waje ce, rana take so da iska. Falo ne ya kashe ta, ruwan buta na kowace safiya ya ƙarasa ta, don ƙasar da ba ta bushewa jijiya ruɓewa take yi a ciki. Kuma tana da wani mugun hali: sai ta mutu ta bar ganyenta kore har makonni. Ina kyautata zaton tun cikin Janairu ta cika, kai kana ta shayar da mamaciya. Har ma tana iya yiwuwa da ciwonta aka sayo ta, don yawancin waɗanda ake jerawa a kanti sun sha zaman inuwa kafin su zo hannun mutum.

Yaron Facebook kuwa, riƙe kuɗinka. Babu wani abu wai shi irin bonsai. Kalmar ta Japananci ce, ma'anarta shuka a faranti, su ma daga Sin suka samo sana'ar. Bishiya ce kamar kowace, aski da datse jijiya da ƙaramin mazubi ne suke hana ta girma. In ka ɗauki wadda ta shekara hamsin a faranti ka dasa a gona, sai ta miƙe abinta. Shuɗin ganyen nan kuma aikin kwamfuta ne. Haka duk bishiyoyin da ka gani a bidiyo ganyensu na yin ja kafin ya zube, irin su mepul, ka cire su a ranka. Waɗannan sai sun yi barcin sanyi na makonni, sanyi irin na cikin firji. Mu kuwa ko a tsakiyar hunturu da wuya mu sauka ƙasa da digiri 10, ga zafin Maris da Afrilu yana jiransu.

Shawarata guda ɗaya ce: cediya. Ba don sunana ba. Dubi yadda kakanninmu suke dasa ta, a sare reshe kamar tabarya a kafa a ƙofar gida da damina, shi ke nan ta kama. Bishiyar da ke tsirowa a tsagar katanga daga kashin tsuntsu, ba taki ba ban-ruwa, ita ce za ta yafe maka kuskure. Ka yi mata aski ya wuce kima, ta toho. Ka manta ruwa kwana uku, ta zubar da ganye kaɗan ta dawo. Ka cika mata ruwa, ta daure fiye da sauran. Ga shi tana sako jijiyoyi daga rassa suna saukowa ƙasa, wanda shi ne yake sa bishiyar shekara biyar ta yi kama da ta shekara ɗari. Danginta duk suna yi, amma durumi ganyensa ya fi faɗi, gamji kuwa ganye ɗaya ya isa ya rufe farantin naka gaba ɗaya, sai abin ya zama kamar yaro ya sa babbar rigar babansa. In cediyar ta yi wuyar samu, je wurin masu sayar da furanni a bakin titi ka ce a ba ka fikus, wanda ake yi wa gidaje shinge da shi. 'Yan uwan juna ne. Zaɓi wanda gindinsa ya fi kauri da karkacewa, wanda kowa ya ƙi. Sau da yawa ma shi ne mai araha.

Tawa ta farko da ta rayu, a jikin wata tsohuwar katanga na ɓanɓaro ta a Unguwar Shanu, da cokali da wuƙar tebur, mutane na kallona kamar na zare. Kaurinta lokacin bai fi ɗan yatsa ba. Yau gindinta ya kai damtsena.

Yanzu ga inda kowa yake faɗuwa, kuma na san kai ma can ka nufa: shuɗin farantin nan. Bar shi a kife tukuna. Bishiya in ta shiga ƙaramin mazubi kaurinta kusan tsayawa yake yi. In ka sa siririn reshe yau, bayan shekara biyar siririn reshe za ka gani. Nemi tsohon baho ko babban kwandon roba irin na wanke shinkafa, ka fasa wa bahon ƙofofi da yawa a ƙasa. Sa fasasshen tayil a tsakiya ka ɗora gindin a kai, don jijiyoyin su bazu gefe-gefe maimakon su nutsa. Ka bar ta ta yi haukan girma damina biyu. Sai gindin ya yi yadda kake so sannan a sare sama, a fara gina rassa, a mayar da ita faranti.

Askin ma ba wuya, kuma bai buƙatar kaifin ido. In sabon reshe ya fitar da ganye shida ko bakwai, ka datse ka bar biyu. Inda ka yanke zai fito da rassa biyu, su ma ka yi musu haka. Sannu a hankali ganyen yana ƙanƙancewa, kan yana cika. Farin ƙaron da ke fita kamar madara ba komai, yana tsayawa da kansa, sai dai kada ya shiga ido, kuma yana ɓata riga.

Yanzu muna Afrilu. Kada ka sari komai sai ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni. In ka ga dama ka zo Malali lokacin, zan yanko maka reshe mai kaurin sandar makiyayi.

Hajiyar Barnawa

Malam, ina yi maka jajen 'yar bishiyarka. Ka gaida Hajiya, ka ce mata ni ma haka maigidana ya ce mini, yanzu kuma shi ne mai ɗaukar hotonsu yana tura wa abokansa.

Duk abin da ƙanena Mai Cediya ya faɗa gaskiya ne, amma ya tsallake magana ɗaya da Malam ya yi, ta tafiya Soba. Cediya a baho za ta jure kwana biyar. Cediya a faranti mai zurfin yatsa uku, a watan Maris, kwana biyar ba ruwa? Sai dai ka dawo ka tarar da itacen girki. Na gani da idona, na je biki Funtuwa na kwana huɗu na bar wa yara amana, na dawo suka ce ai sun zuba. Sun zuba ɗin, rana ɗaya.

Shi ya sa ni nake cewa kowa ya dubi hannunsa kafin ya dubi bishiya. Akwai mai hannun ruwa, wanda ba ya iya wuce shuka bai tsiyaya mata ba. Akwai mai mantuwa. Mai tafiye-tafiye ko mai mantuwa, kariya ce tasa. Ita ce wannan mai kumburarren gindi kamar tulu da fure ruwan hoda, da takan yi fure da rani lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya. Tamu ce ta nan Arewa, a daji ma tana fitowa wuraren duwatsu. Ruwanta a cikinta yake, sai ta yi mako biyu ba ka ba ta ba ko a jikinta. Kuma tun tana ƙarama da siffar tsohuwar bishiya take zuwa, ba sai ka jira shekaru ba. Masu tsaurin ra'ayi a harkar suna cewa wai ba bonsai ce ta gaskiya ba. Su suka sani, ni dai tawa goma sha ɗaya ce a baranda.

In za ka saya, nemi wadda aka shuka daga iri, ita ce mai yin tulun gindi. Wadda aka dasa daga reshe takan miƙe ne kawai, gindin ba ya cika yin kyau. Duk shekara in za ka sauya mata ƙasa ka ɗan ɗago ta sama kamar yatsa biyu, jijiyoyin da ke ɓoye su fito fili.

Sai dai fa, Malam, da na karanta zancen ragowar ruwan buta na ce anya. Kai mai hannun ruwa ne. Abin da ke kashe kariya ke nan. Makashinta Agusta, lokacin da ake kwana ana wuni ana ruwa. Nawa duk ina janye su ƙarƙashin rumfa daga tsakiyar Yuli har ruwa ya ja baya. In ka matsa gindin ka ji ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen gwanda, ta tafi.

Abu na biyu, kuma wannan ba wasa ba: ƙaronta guba ne. Mafarautan da da shi suke haɗa dafin kibiya. In akwai jikoki masu rarrafe ko masu kai komai baki, a ɗora ta inda hannu ba ya kaiwa, a wanke hannu da sabulu bayan an yanke ta, kuma wuƙar kada ta koma kicin.

Akwai kuma bogenbiliya, furen nan mai ƙaya da ke lulluɓe katangun gidajen Unguwar Rimi. In ka ga ana rushe shinge ana tumɓuke tsofaffin kututturanta, roƙi ɗaya. Tana kamawa, tana son rana, kuma in ka ɗan ja mata ƙishi ne ma take yin fure sosai. Ƙayar ce dai sai an yi haƙuri.

Na Rigasa

Ikon Allah. Mu muna neman inuwar da za mu shimfiɗa tabarma, ku kuna hana bishiya girma da gangan. Baba, in lemun tsamin nan ya shekara huɗu bai yi komai ba ai ka riga ka iya bonsai, faranti kawai ya rage. Wasa nake yi, a yi mini afuwa. Amma don Allah duk wanda ya sa ɗaya a faranti ya dasa ɗaya a ƙofar gida, zafin garin nan ya fara wuce misali.

Ɗalibin Afaka

Ranka ya daɗe Malam, ni ɗanka ne, a kwalejin gandun daji ta Afaka na yi karatu, yanzu ina ɗan renon dashe a Mando. Ba wanda ya amsa maka zancen kuka da tsamiya, bari in gwada.

Duka biyun suna yi. A Senegal har sayar wa baƙi 'yan ƙananan kukoki ake yi su tafi da su Turai, mutanen Afirka ta Kudu ma sun daɗe suna yin bonsai da ita. Tsamiya kuwa 'yan Indiya da Filifin da Indunusiya sun ƙware a kanta, alhali asalinta bishiyar nahiyarmu ce.

Kuka tana da sauƙi in ka san kalandarta. Ƙwallon yana da tauri, sai ka goga gefe ɗaya a siminti har ka ga fari-fari, ka jiƙa kwana ɗaya, ka shuka da farkon damina. Kada ka yi mamaki in ganyen farko ya fito ɗaya-ɗaya, ba mai yatsu biyar da ka sani ba, sai ta girma take sauyawa. A ƙasa tana yin wani dogon saiwa kamar rogo. Shekara ta biyu za ka tone ta ka datse shi, ka bar ciwon ya bushe a inuwa kwanaki kafin ka mayar, in ba haka ba ruɓewa zai yi. Babban sharaɗin shi ne, da zarar ta zubar da ganye wajen Nuwamba, ka ɗauke mata ruwa ɗungurungum har sai ka ga ta fara toho da kanta gab da damina. Watanni za ta yi tsirara kamar sanda, zuciyarka na ce maka ta mutu, ba ta mutu ba. Wanda ya tausaya mata ya ba ta ruwa a lokacin shi ne ya kashe ta. Ga mai tafiya Soba ta yi daidai, ga mai buta kuma akwai jarrabawa. Sannan rassanta ba sa saurin yin ƙanana, sai an shekara da yawa kafin ta yi kama da kukar bakin kasuwa.

Tsamiya ta fi ta kyau a ido tun da wuri, saboda ganyenta ƙanana ne tun asali, da magariba kuma sai ka ga sun naɗe sun yi barci. Ƙwallon da aka zubar bayan an dama kunu ma yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, in dai ba a tafasa shi ba. Matsalarta jinkiri. Daga iri, kafin gindin ya kai kaurin babban yatsa ka ci shekaru. Ka shuka biyar yanzu ka ajiye a gefe, amma kada su zama su ne abin da kake koyo da su, za ka gaji. A Japan ana gadon bishiya ɗaya daga kaka zuwa jika. Akwai wata da aka fara reno tun 1625, ta tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, mai ita ya ba Amurka kyauta a 1976, tana Washington har yanzu. To tsamiyarka ta jikoki ce.

Waɗanda ba na ba ɗan koyo shawara: gawo da bagaruwa, saboda doguwar saiwa da ba ta son a taɓa ta, ga ƙaya. Gawo ma da damina yake zubar da ganye, sai ya rikita ka. Mangwaro da bishiyar bakin titin nan mai faffaɗan ganye da ake kira fruit, ganyen ba ya ƙanƙancewa yadda ake so. Zogale itacensa ba ƙwari, karyewa yake yi. Waɗanda mutane ke rainawa kuma suna yi sosai: lalle, rumman da gwaiba. Lalle musamman, ganye ƙanana, yana kamawa daga reshe, yana son aski.

Maganar ƙasa ita ce rabin aikin. Kada ka ɗebi ƙasar lambunka ka cika mazubi, da an yi ruwa biyu za ta dunƙule kamar tubali. Mutanen Japan da wata ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa suke amfani, akadama. Mu a nan jan bulo ƙonanne nake farfasawa ya koma kamar ƙwayar masara, in haɗa da tsakuwar kogi da ɗan gawayi, in tankaɗe garin in zubar, sannan in ƙara ruɓaɓɓen taki kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Gwajin shi ne, in ka zuba ruwa ya fito ta ƙasa nan take. Kafin ka sake ba da ruwa tura yatsa, in da danshi ka wuce. Kada kuma ka ajiye mazubi a ƙasa kai tsaye, gara za ta shiga ta ƙofar gindi. Ɗora a kan bulo ko benci, inda akuya ba ta kaiwa, don ganyen cediya abincinta ne.

Ɗan Panteka

Baba Malam barka da hutawa. Ni ban san sunayen bishiyoyi ba, amma maganar waya tawa ce. Za ka ga a bidiyo suna naɗa wa reshe waya suna lanƙwasa shi. Ba sai an yi odar ta daga waje ba. Ka zo kasuwar Panteka ka nemi tsohuwar wayar wuta ta alminiyom, a feɗe a ciro 'ya'yan, tana da laushi, ko hannun dattijo zai murɗa ta. Ta tagulla ta fi riƙo amma ta fi tauri da tsada. Kaurin wayar ya zama kamar kashi ɗaya cikin uku na reshen, a naɗa a karkace, ba a shaƙe ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to amma ɗanyen ne kuma yake saurin kumbura. Wani abokin cinikina ya naɗa wa cediyarsa da damina ya manta wata uku, wayar ta nutse cikin ɓawo, tabon yana nan kamar zanen sukurun. Duk mako ka duba, da ta fara cizo ka yanke ta gunduwa-gunduwa, kada ka warware.

In idon ba ya so, bar wayar ma. Ɗaura zare a reshen ka ja shi ƙasa ka ɗaure a bakin baho, ko ka rataya masa ɗan dutse. Almakashin tela mai kaifi ya ishe ka shekarar farko.

Mai Cediya, Malali

Yaya Hajiya ta kama ni, na manta zancen Soba. Amma ina nan kan bakana, don shekara biyun farko a baho za ta zauna, kuma mai hannun ruwa gara a ba shi wadda ke son ruwan. In lokacin faranti ya zo, ranar tafiya sai a janye ta inuwa a ɗora a kan tire mai jiƙaƙƙen yashi. Da hunturu kuma a riƙa wanke ganyen da yamma saboda ƙura. In ka ga wani farin ƙwaro kamar auduga a hammatar ganye, ruwan sabulu kaɗan da tsohon buroshin haƙori.

Tsohon Malami, Unguwar Dosa

Jama'a, na dawo da rahoto, ku yafe mini shirun wata biyu da rabi. Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Na Rigasa, wanda saboda shi na kafa reshen durumi a ƙofar gida na kewaye da tsohuwar taya da ƙaya.

Ranar Asabar ta biyu a watan Yuni na je Malali. Na yi zaton zan tarar da dattijo, ashe yaro ne sa'an ɗana, har na koyar da yayansa a aji uku. Ya yanko mini rassa biyu na cediya. Ɗaya na sa a tsohon bahon wankin Hajiya, wanda na huda da ƙusa mai zafi ba tare da na nemi izini ba, wannan shari'ar ba a gama ta ba tukuna. Ɗayan a kwandon roba. Bulon na farfasa da kaina da guduma, kwana biyu ina yi, kafaɗata har yau tana gaya mini.

Mako uku ba abin da ya motsa, sanduna biyu kawai a tsaye. Sau biyu ina kai hannu zan tuge in duba ko sun yi jijiya, sai in tuna an hana. Ran nan da asuba na haska tocila na ga wasu 'yan jajayen tsinuka a jikin ta bahon, guda bakwai. Yanzu ganye ashirin da uku, na ƙirga da safen nan. Ta kwandon ba ta ce komai ba har yau, amma na kankara ɓawon na ga kore, na ƙyale ta.

Hajiyar Barnawa, kin faɗi gaskiya a kan hannuna. Na sayi kariya ɗaya 'yar ƙarama, kuma don kada in cuce ta na rataye ta can ƙarƙashin rumfa inda sai na taka kujera, buta ba ta isa wurin. Ragowar ruwan alwala yanzu lemun tsami ne ke sha.

Ƙwallon tsamiya biyar na shuka, huɗu sun fito. Kuka uku, biyu sun fito, sun yi ganye shar. Shekaranjiya na dawo daga Soba na tarar da ɗaya an tsige ta tas, saura karan. Na yi ta faɗa ina neman akuyar da ta shigo, sai autata ta ce ba akuya ba ce, Mama ce ta ga ɗanyen ganyen kuka mai kyau ta ce ba za a bar shi ya lalace ba. Kuma ni ma na ci miyar da daddare, har na yaba.

Ɗalibin Afaka, wadda aka tsige ɗin nan za ta sake toho a daminar nan, ko in cire rai? Kuma in rage mata ruwa ne tunda ba ganye, ko in bar ta a cikin ruwan sama?